Yaushe Ya Kamata Mutum Ya Ajiye Aiki?

Wata Laraba da yamma, bayan an tashi daga taron addu'a, wani dattijo na ekklisiyarmu bai tafi gida ba. Ya tsaya a gindin darbejiya har kowa ya watse, sa'an nan ya biyo ni. Muka zauna a zaure, aka kawo mana ruwa. Ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi gona, ya tambayi ruwan bana, har na gane akwai magana mai nauyi a bakinsa. Daga baya ya yarda in rubuta ta a nan, in dai ban faɗi sunansa ko wurin aikinsa ba.

Ya ce, "Fasto, wata takwas ya rage mini in cika shekara sittin. Ka san doka, ranar da na cika, ranar zan bar ofis. Ina da yara uku a makaranta. Gidan da na ke ciki na gwamnati ne, nawa kuwa ko rufi ban yi masa ba. Akwai wani akawu da ya ce zai iya gyara mini takarda, a rage mini shekara uku, in ba shi abin goro. Mutane da yawa sun yi haka. To, ina so ka gaya mini, zunubi ne?"

Na ce, "Baba, kai ma ka sani. Ƙarya ce, har da rantsuwa a kanta a gaban shari'a. Abin goron kuma sunansa cin hanci." Ya yi shiru. Can ya ɗaga kai ya ce, "Na ji, na kuwa sani tun kafin in zo. Amma me za mu ci?"

Tambayarsa ta fari ba ta ba ni wahala ba, ko ɗan ajin baftisma zai amsa ta. Ta biyun ce ta hana ni barci. Tun daga ran nan na ke ta tunani a kan abubuwan da su ke sa mutum ya bar aiki ko ya ƙi bari, da kuma wanda laifi ke kansa sa'ad da tsoho ya manne wa kujera.

Bari mu fara da shekara sittin ɗin nan. Daga ina ta fito? Kakanninmu ba su san ta ba. Manomi ba ya cika sittin ya rataye fartanya. Abin da a ke yi a gandu shi ne, ƙarfin maigida yana raguwa, aikinsa yana sauyawa. Wanda dā ya ke gaba wajen huɗa ya koma bin baya yana shuka. Daga nan ya koma zaɓen iri, da duba rumbu, da faɗin ranar da za a fara girbi. Babban ɗansa ya karɓi jan ragamar aiki a hankali, ba a rana ɗaya ba. Maƙeri ma haka, in hannunsa ya gaza da guduma, ya kan zauna gefe yana duba wuta, yana gaya wa yaro inda zai buga. Ba wanda ya ke ba shi takardar sallama. Har yau mafi yawan mutanen ƙasarmu haka su ke, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Ba su da ranar ritaya, jikinsu ne ya ke yanka musu rana.

Ranar ritaya ta zo tare da aikin albashi. A ƙasar Jamus, a shekarar 1889, wazirin ƙasar mai suna Bismarck ya sa aka kafa dokar fansho ta tsufa domin ma'aikata, aka ce sai mutum ya kai shekara 70 za a fara ba shi. A lokacin nan ba kowane lebura ne ya ke kai saba'in ba. A 1916 aka rage ta zuwa 65. Amurka ta ɗauki 65 sa'ad da ta kafa tata dokar a 1935. Abin dariya kuwa, shi Bismarck yana da shekara 74 sa'ad da aka yi dokar, bai kuwa yi niyyar sauka ba. Shekara guda bayan haka sarkinsa ya tilasta masa ajiye aiki.

A Nijeriya ma'aikacin gwamnati ya kan sauka in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Amma ba kowa ba. Tun 2012 farfesoshin jami'a su kan kai 70. A 2022 aka yi doka malaman makaranta su kai 65, ko shekara 40 na aiki, ko da ya ke ba kowace jiha ce ta yi saurin binta ba. A 2023 kuma aka daidaita na alƙalan manyan kotuna duka a kan 70. Mai karatu ya lura, a nan ƙasarmu ma'aikata su kan roƙa a ƙara musu shekarun aiki. A Faransa kuwa, a wannan shekara ta 2023, da gwamnati ta yi dokar ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64, sai mutane suka cika tituna wata da watanni suna ƙi. Me ya bambanta su da mu? Ba ƙiwuya ba ce ta yi musu yawa, mu kuma ba son aiki ne ya yi mana yawa ba. Bafaranshe ya tabbata in ya sauka kuɗinsa zai riƙa zuwa kowane wata, saboda haka yana ɗokin ranar. Namu yana tsoronta.

Watau adadin nan ba daga sama ya sauko ba. Mutane ne suka zauna suka yanka shi, suna kuma sāke shi. Ba ya auna ƙarfin kowa. Na san direba wanda idonsa ya raunana tun yana da hamsin da biyu, na kuma san tsohuwar ungozoma mai saba'in wadda har yanzu mata sun fi yarda da hannunta. Duk da haka ina ganin dokar tana da amfani ɗaya babba. Ta ɗauke wa mutum hukuncin da ba zai iya yanke wa kansa da gaskiya ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Wanda ya fara mantuwa shi ne na ƙarshe da zai sani. Da a ce kowa shi zai faɗi ranar da ya gaza, da kujeru da yawa sai mutuwa ta raba.

Jiki yana da tasa magana, ba ta kuwa bukatar dogon bayani. Mai dako da birkila da mai aikin gadi na dare ba ɗaya su ke da mai zama a inuwa yana sa hannu a takarda ba. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa sun sauke mutane da yawa kafin doka ta kai gare su. Wani lokaci ma ba jikin ma'aikacin ba ne, na wani ne. Mata nawa suka bar koyarwa ko aikin asibiti kafin lokaci domin maigida ya kwanta ciwo, ko uwa ta tsufa ba mai dubanta? Ba a cika lissafa su ba, gama ba a yi musu bikin sallama. Waɗansu kuma zuciya ce ta gaji, an ɗora musu shugaba mai wulakanci, ko an kawo kwamfuta aka bar su suna kallo, ko an yi musu canji zuwa inda hanya ba ta da lafiya. Suka ce ya isa.

Amma abin da ya fi riƙe mutane a wurin aiki a ƙasarmu shi ne aljihu. A nan ya kamata mu daɗe kaɗan, gama ba za a iya yi wa dattijon nan shari'ar gaskiya ba sai an san abin da ya ke hange.

Dā, gwamnati ce ta ke biyan fansho daga baitulmali. A kan duba albashin mutum na ƙarshe da yawan shekarun da ya yi, a ba shi garatuti a dunƙule, sa'an nan fansho wata wata har mutuwa. A takarda abin yana da kyau. Amma bashi ya yi ta taruwa, tsofaffi suka yi ta jira shekara da shekaru. Kowa ya ga layinsu a ƙofar ofisoshi ranar tantancewa, da sanduna da tsofaffin takardu cikin leda, sun zo su nuna suna da rai tukuna. Domin gyara wannan aka yi sabuwar doka a 2004, aka sāke ta a 2014. Bisa ga ta 2014, a kan cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10, a zuba cikin asusu mai sunan ma'aikacin, a hannun kamfanin da ke juya kuɗin. Hukumar PenCom ce ke lura da su. Dabarar ita ce kuɗin ya zama na mutum tun yana aiki, kada ya dogara ga alkawari.

Sai dai asusu ba ya cika da kansa. In an cire daga albashi ba a zuba ba, ko an zuba a makare, ran da mutum ya sauka zai tarar da rijiya ba ruwa sosai. Waɗansu jihohi ba su shiga sabon tsarin da ƙafa biyu ba. Wanda ya fara aiki kafin 2004 kuma yana da wani haƙƙi na tsohon tsari da sai gwamnati ta biya kafin a haɗa masa lissafi, a nan ne jira ya kan yi tsawo. Ga kuma ɓarayi. A 2021 wata babbar kotu a Abuja ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara takwas a kan kuɗin da suka shafi fansho, shi ne kuwa mutumin da aka taɓa ɗora wa aikin gyara sha'anin fanshon. Dattijo ya ji wannan labari a rediyo, me ku ke so ya yi tsammani?

Ko an biya ma, akwai tsadar kaya. Albashi ya kan motsa, ko da a hankali. Mafi ƙanƙantar albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a 2024. Amma a tsakanin nan, man fetur da a ke sayen lita ƙasa da naira 200 kafin ƙarshen watan Mayu na 2023 ya haura 1,000 a wurare da yawa kafin 2024 ta ƙare, hatsi da magani suka bi shi. Tsarin mulkin ƙasa ya ce a riƙa duba fansho kowace shekara biyar, ko duk sa'ad da aka sāke albashi. Ku tambayi tsofaffin da ke zama a bencin gaba ran Lahadi ko haka a ke yi musu. Mai aiki yana da ƙungiya, yana iya yajin aiki. Wanda ya sauka, wane aiki zai yaje?

Ga wani abu kuma da Bature mai tsara doka bai lissafa ba. A wurinmu mai shekara sittin sau da yawa yana da ɗan firamare a gida. Yana riƙe da 'ya'yan ƙanensa da ya rasu. Ɗansa na fari ya gama jami'a, ya gama bautar ƙasa, yana zaune ba aiki. Dā 'ya'ya su ne fanshon iyaye. Yanzu albashin uba shi ne abincin 'ya'ya masu gemu. In ya sauka, ba baki ɗaya ne zai rasa tuwo ba.

Wannan shi ne mutum na fari, wanda ba ya iya sauka. Akwai na biyu, wanda ba ya so. Daga waje kamanninsu ɗaya ne, dukansu sun yi furfura, dukansu suna riƙe da makulli. Amma ciwonsu ba ɗaya ba ne.

Na biyun yana da gida, yana da gona, 'ya'yansa sun kama aiki. Abin da ya ke tsoro shi ne safiyar Litinin da ba wanda zai zo gaishe shi. Shekara talatin ana ce masa ranka ya daɗe, ana miƙe masa in ya shigo. Ya ga abin da ya sami wanda ya riga shi, yadda waya ta daina ƙara, yadda masu zuwa da safe suka koma ƙofar sabon shugaba. Ya saba da a kira shi da sunan kujerarsa har ya manta sunan da uwarsa ta ke kiransa. In aka ɗauke kujerar, bai san ko shi wane ne ba. Ba ya faɗin haka. Abin da ya kan faɗa shi ne, "Ba wanda zai iya riƙe wurin nan in na tafi." Wani lokaci gaskiya ce. Amma sai a tambaye shi, shekara talatin ɗin nan wa ka koya wa? In ba mai iyawa, laifin wa?

Kada mu yi masa dariya, gama ciwon nan yana kama fastoci fiye da yadda mu ke so a sani. Ni da na ke rubutu ban kai hamsin ba, amma na riga na ji daɗin a tsaya a saurare ni, na kuwa san ba zai yi mini sauƙi in zauna a benci wani yaro yana wa'azi ba.

Littafi Mai Tsarki bai yanka wa kowa shekarar barin aiki ba, sai jama'a ɗaya. A Littafin Lissafi sura 8 an umarta Lawiyawa su shiga hidimar alfarwa daga shekara ashirin da biyar, in sun kai hamsin su bar ta. Dalilin ba a ɓoye ya ke ba ga wanda ya karanta sura 4, gama aikinsu har da ɗaukar katakai da labule da kayan alfarwa cikin jeji. Aiki ne na ƙarfi. Amma a lura da abu biyu. Ba a kore su daga wurin ba, an ce su taimaki 'yan'uwansu wajen tsaro da lura. Nauyin ne aka sauke musu daga kafaɗa, ba a ƙwace musu wurin zama ba. Na biyu kuma, abincin Balawi daga zakar jama'a ya ke fitowa, domin shi Balawi ne. Ban ga inda aka ce a yanke wa mai hamsin rabonsa ba. Dokar da ta ce masa ya sauka, ita ce ta tanada masa tuwo, ta kuma bar masa abin yi. Ashe tsarin gandu na kakanninmu ya fi kusa da wannan bisa ga tsarin ofis.

Akwai kuma Barzillai, mutumin Gileyad, a Sama'ila ta Biyu sura 19. Attajiri ne, ya ciyar da sarki Dawuda sa'ad da ya ke gudun Absalom. Da sarki zai koma Urushalima ya gayyace shi zuwa fada. Barzillai yana da shekara tamanin. Ya duba kansa da gaskiya, ya ce harshensa ba ya rarrabe ɗanɗano, kunnensa ba ya jin muryar mawaƙa, zai zama kaya ne kawai ga sarki. Ya roƙa a bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa, ya kuma miƙa Kimham a tafi da shi a madadinsa. Ina sha'awar tsohon nan ƙwarai. Amma in mun yi adalci, sai mu tuna yana da dukiya. Ya iya ƙin tuwon fada domin akwai tuwo a gidansa. Ba daidai ba ne mu ɗauki Barzillai mu doki masinjan da ba shi da ko rumbu.

Shi Dawuda kansa bai yi saurin Barzillai ba. A farkon Sarakuna ta Fari ya tsufa har mayafi ba ya ɗumama shi, bai kuwa naɗa magaji a fili ba. Adonija ya ga ƙofa a buɗe, ya tara mutane ya yi biki. Sai da annabi Natan da Batsheba suka shiga wurin sarki tukuna aka naɗa Sulemanu. Sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga. Jinkirin tsoho ɗaya ya kusa jefa ƙasa cikin yaƙi, ya kuma bar gaba tsakanin 'ya'yansa.

Sauka ma iri biyu ce. Akwai wanda ya kan tashi daga kujera amma ya bar hannunsa a kanta. Ahmadu Ahijo, mutumin Garwa, ya yi mulkin Kamaru tun daga 1960. A watan Nuwamba na 1982, yana da shekara 58, ya ajiye mulki da kansa ya miƙa wa Paul Biya. Mutane suka yi mamaki, gama shugabannin Afirka da suka taɓa yin haka kaɗan ne. Amma ya riƙe shugabancin jam'iyya, a ƙasar da jam'iyya ɗaya ce tak. Shekara ba ta cika ba rikici ya tashi tsakaninsu a kan wane ne ke da magana ta ƙarshe. Ahijo ya bar ƙasar a 1983, aka yanke masa hukunci a bayan idonsa a 1984, ya rasu a Dakar a 1989, a can aka binne shi. Ba ni ne zan raba musu gardama ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne, jirgi ɗaya ba ya tafiya da matuƙa biyu. Mun ga irin wannan a ƙananan wurare, tsohon hedimasta da ya ke aiko wa malamai saƙo daga gida, tsohon fasto da ya zauna a unguwa membobi suna kai masa ƙarar sabon. Taimakon da aka ce Balawi ya yi, taimako ne a ƙarƙashin mai aiki, in an nema.

Sauka da gaskiya tana yiwuwa ko a wurin da ba a saba ba. A ekklisiyar Katolika an daɗe da ƙa'ida bishop ya miƙa takardar murabus in ya kai 75, amma Paparoma ba ya cikinta. Duk da haka a 2013 Benedict na 16, yana da shekara 85, ya ce ƙarfinsa bai isa aikin ba, ya sauka. Kusan shekara 600 ba a ga haka ba.

To, ina ma'auni? Ga yadda na ke gani. Aiki amana ce da aka ba mutum domin waɗansu, ɗalibai ko marasa lafiya ko garke. Tambayar da ta dace ita ce ko waɗannan suna samun abin da ya kamata daga hannunsa har yanzu, da kuma ko akwai wanda ya shirya ya karɓa. Mutum ba zai iya amsa wannan shi kaɗai ba. Ya kamata tun yana da ƙarfi ya zaɓi mutum biyu ko uku waɗanda ba sa cin abinci a hannunsa, ya ba su izini su gaya masa ran da suka ga ya fara gazawa, ya kuma yi alkawari zai ji. Matarsa sau da yawa ta riga kowa sani. Ya kuma fara koyar da magaji da wuri, ya fara gina ɗaki da wuri, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Samari kuma ina da magana da ku. Gaskiya ce kowace shekara uku da tsoho ya sata, wani saurayi ne ya rasa ta. Shekarun da akawu zai rage wa dattijonmu ba daga iska za su fito ba, daga rabon wani za a yanko su, wataƙila ma ɗan ekklisiyarmu ne mai jiran gurbi. Wannan na gaya wa Baba, ya kuwa ji zafinsa fiye da maganar rantsuwa, domin ɗansa ma yana jira. Amma ku ma ku duba kanku. Nawa ne cikinku suka rage shekara domin bautar ƙasa ko domin neman aiki? Laifi tudu ne. Wanda ya rage yau, nan da shekara talatin shi ne tsohon da a ke gunaguni a kansa. Kuma ku sani da tsohuwar zuma a ke magani. Ofishin da ya sallami dukan tsofaffinsa a shekara ɗaya ya kan yi ta maimaita kurakuran da aka riga aka biya kuɗinsu.

Maganata mafi nauyi kuwa ga mu shugabannin ekklisiya ta ke. Yana da sauƙi mu zargi gwamnati. Mu fa? Akwai masu bishara da suka yi shekara arba'in suna yawo daga ƙauye zuwa ƙauye a kan keke, ana ba su ɗan abin da ya samu daga baiko, wani wata ma da hatsi a ke biyansu. Sun zauna a gidan ekklisiya duk ransu, ana canja su kafin su kafa gona. Ran da suka tsufa sai mu yi taro, mu yi waƙa, mu ba su agogon bango da turmin atamfa, mu ce su ba da makulli kafin ƙarshen wata. Ina za su rataye agogon? Mun ga gwaurayen irin waɗannan bayi suna raɓe a ɗakin 'yan'uwa. In mai bishara ya ga haka ya ƙi sauka, ya yi ta wa'azi da murya mai rawa, kada mu ce son girma ne. Mu ne muka rufe masa ƙofar fita. Wanda ya ke da ikon ce wa tsoho ya sauka, a kansa ne nauyin nuna masa inda zai sa ƙafa. Tun 2019 ma an buɗe hanyar da mai sana'ar kansa da ƙaramar ƙungiya za su iya tara fansho kaɗan kaɗan. Majalisar dattawa nawa ce ta taɓa zama ta tattauna wannan domin mai bishararta, ko mai gadinta, ko malamar makarantarta?

Dattijon nan bai koma wurin akawu ba. Ban ce maganata ce ta hana shi ba, gama ya gaya mini matarsa ta riga ta ce ba za ta ci tuwon rantsuwar ƙarya ba. Ya sauka ran da ya cika sittin. Aka ba shi wata uku ya bar gidan gwamnati. Matasan ekklisiya suka yi gayya Asabar biyu, aka rufa ɗaki biyu na gidansa da kwanon da waɗansu 'yan'uwa suka saya, suka ƙaura ba a yi daɓe ba tukuna. Zumuntar mata ta kai buhun masara. Ɗaya daga cikin yaran ya dakata da makaranta zango guda, wannan kuwa ya yi wa uban ciwo ƙwarai, bai ɓoye mini ba.

Yanzu wata bakwai ke nan, kuɗinsa bai fito ba. Ya je babban birnin jiha sau huɗu, kowane zuwa a ce akwai takardar da ta rage. Mun roƙe shi ya riƙa duba littafin kuɗin ekklisiya tare da ma'aji, wanda saurayi ne, ya kuwa gano kurakurai biyu da suka shige mu duka. A taron dattawa na watan jiya shi ne ya kawo shawara a riƙa ware wani abu daga baikon godiya na kaka domin tsofaffin masu bisharar gundumarmu su uku. Aka yi gardama har dare, gama waɗansu suna so a gama ginin hasumiya tukuna. An ɗaga maganar zuwa taro mai zuwa.